Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fastoci Da Dattawan Ikkilisiyoyinmu: Ina Katinsa?

Iyayena fastoci da dattawa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya iyali, yaya fama da garken da aka ba ku kiwo? Allah ya ƙara muku ƙarfi da lafiya.

Ni ba fasto ba ne, ban taɓa zama a ajin makarantar tauhidi ba. Ɗan mai bishara ne ni, an haife ni a ɗakin da ke jingine da wata majami'ar laka mai rufin kwano, na kuma yi shekaru ina koyar da yara a makarantar Lahadi har furfura ta kama ni a can. Na san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ɗakin nan kuwa namu ne duka. Don haka ku yi haƙuri da ni, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A daminar da ta wuce wani magini ya rasu a unguwarmu. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi sunan ikkilisiyar ba, domin abin da ya faru ba na wuri ɗaya ba ne, kowannenku ya san irinsa. Mutumin nan ya yi kusan shekara yana jinyar ƙoda. An sayar da awaki, an sayar da keken ɗinkin matarsa, har kwanon da ya ajiye don rufin ɗakin yara ya tafi kantin magani. Da ya cika, ƙannensa suka je gidan fasto da asuba. Bayan ta'aziyya, tambayar farko da magatakarda ya yi ita ce, ina katinsa? Aka kawo katin zakkarsa, aka buɗe, aka tarar watanni da yawa babu sa hannun ma'aji. Dattawa suka zauna, suka yanke cewa za a yi masa addu'a a gida, amma gawa ba za ta shiga majami'a ba, mawaƙa kuma ba za su sa rigarsu ba, sai an biya abin da ake binsa. Matasa suka bi gida gida a daren nan suka haɗa kuɗin. Washegari aka shigar da shi, aka yi wa'azi mai daɗi a kan alherin Allah, aka kai shi makabarta.

Kwana uku bayan biso na je gaishe da matar. Tana zaune a tabarma, 'yan zumuntar mata sun kewaye ta. Da na tashi tafiya ta biyo ni har bakin zaure, ta rage murya, ta tambaye ni ko yanzu da aka biya bashin, Allah zai karɓi mijinta. Matar nan ta fi shekara ashirin tana zama a bencin zumunta. Ta haddace waƙoƙin gicciye fiye da ni. Duk da haka abin da ya zauna a zuciyarta shi ne cewa ƙofar sama tana da ma'aji. Ba ita ta ƙago wannan ba. Mu muka koya mata, ba da baki ba, da abin da muka yi da gawar mijinta.

Iyayena, kun fi ni sanin wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa. Amma akwai wani abu game da yadda muke karanta ta a ƙasarmu da ya daɗe yana damuna. Rigimar da ke cikinta a kan kaciya ce, mu kuwa a nan kusan kowane yaro ana yi masa kaciya, ba wanda ya taɓa ta da jijiyar wuya a kai. Saboda haka muna karanta wasiƙar kamar labarin faɗan wasu mutane na nesa, mu gyaɗa kai, mu rufe littafi. Mun manta cewa waɗanda suka rikita Galatiyawa ba su ce Yesu ƙarya ba ne. Ba su musanta gicciye ba, ba su musanta tashi daga matattu ba. Cewa suka yi, Yesu ya yi nasa, saura naku: ku ƙara da wannan abu ɗaya, sa'an nan ku cika 'ya'yan Ibrahim. Wannan ƙarin ne ya sa Bulus ya rubuta wasiƙar da ko godiyar da ya saba buɗe wasiƙunsa da ita bai tsaya yi ba. Ya kira su marasa azanci, ya tambaye su wa ya yi musu sihiri. Ya ce in ta wurin shari'a ake samun adalci, to mutuwar Almasihu ta zama banza. A sura 5 ya ce domin 'yanci ne Almasihu ya 'yanta mu, kada mu sāke sa wuya a karkiyar bauta. Kowane manomi da ya taɓa ɗaura wa shanu karkiya ya san abin da ake nufi.

To, mece ce kaciyarmu? Ita ce duk abin da muka ɗora a kan Yesu muka ce sai da shi mutum zai zauna a teburi.

Na ce teburi da gangan. A Antakiya, Bitrus yana cin abinci tare da masu bi na Al'ummai lafiya lau, har wasu suka zo daga Urushalima, sai ya fara janye jiki, ya koma cin abinci da nasa kaɗai. Har Barnaba ya bi sahunsa. Bitrus bai yi wa'azin ƙarya ba ko sau ɗaya, wurin zamansa kawai ya canza. Amma Bulus ya tsaya a gaban jama'a ya tsauta masa, domin ya gane cewa inda mutum ya zauna da wanda ya hana zama, wa'azi ne da ya fi na bagade ƙara. Sa'ad da manzanni da dattawa suka taru a Urushalima a kan maganar, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni sura 15, Bitrus ɗin nan ne ya miƙe ya ce don me za a ɗora wa almajirai karkiyar da mu da kakanninmu muka kasa ɗauka. Majalisar dattawa ce fa, irin taku. Ta zauna, ta yi mahawara mai zafi, ta tashi da rage kaya. Yaushe rabon da wata majalisa tamu ta tashi daga zama an rage wa jama'a ko da doka ɗaya?

Bari in daɗe kaɗan a kan zakka, domin nan ne ƙafata ta fi ciwo. Ban zo in ce kada a bayar ba. Na ga mahaifina yana jiran albashin da ba ya zuwa, muna cin tuwo da miyar kuka ba mai. Na san akwai fastocin ƙauye da ke noma da hannunsu don su ciyar da iyali, na san gunduma na jiran kasonta kowane wata, na san akwai majami'un da aka ƙone ana son a sāke ginawa, da 'yan gudun hijira da ke kwana a azuzuwanmu. Aikin Allah yana cin kuɗi. Amma ku duba yadda muke wa'azin abin. Kullum Malakai sura 3, kullum ɓarawo, kullum la'ana da fara mai cinye amfanin gona. Ban tuna ranar da na ji an karanta Maimaitawar Shari'a 14:28-29 a ranar tara zakka ba. A can an ce kowace shekara ta uku a tara zakkar amfanin gona a cikin gari, Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Wato ko a ƙarƙashin shari'ar Musa, wadda muke cewa ita ce mai tsanani, gwauruwa ci take yi daga zakka. Mu da muke ƙarƙashin alheri, mun tsare gawar mijinta sai ta kawo ciko. Ashe mun fi Musa tsanani.

Ko maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke amfani da kalma ɗaya da su, ba haka suke yi da tasu ba. A wurinsu sai dukiya ta kai nisabi ta kuma shekara ake fitar da ɗaya cikin arba'in, matalauci kuwa ba a karɓa a hannunsa, shi ake miƙa wa. Ban kawo wannan don in gwada addini da addini ba, na kawo ne don kunyar da nake ji idan maƙwabcina ya tambaye ni abin da ya jinkirta jana'izar magini.

Bulus ya tara gudunmawa mai yawa domin matalautan Urushalima, ya rubuta surori biyu cur a kai, 2 Korantiyawa 8 da 9, bai buɗe wa kowa kati ba. Ya ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Ya ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Dalilin da ya ba su kuma ba tsoron fara ba ne, Almasihu ne, wanda yake mawadaci ya zama matalauci dominmu. Kuna tsoron in aka janye kati baiko zai ragu. Mai yiwuwa ya ragu na ɗan lokaci. Amma kuɗin da tsoron hana biso ya fito da shi daga aljihu haraji ne, ko mun yi masa waƙa yayin da ake zagayawa da kwano.

Sai bencin baya. Kun san shi, yana kusa da ƙofa, inda rana ke bugawa. Yarinya ta yi ciki, a kira sunanta a gaban taro, a cire ta daga mawaƙa, a hana ta jibin Ubangiji, ta zauna can wata shida, shekara, wani lokaci har a manta da ranar da za a dawo da ita. Wanda ya yi mata cikin fa? Sau da yawa ya tafi Abuja neman aiki, ko yana nan yana kaɗa jita a gaba, domin shi cikinsa ba ya fitowa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin nan tsoho ne: a Yahaya sura 8 ma mace kaɗai aka jawo gaban Yesu, alhali an ce an kama ta tana cikin aikatawa, kuma shari'ar da suke riƙe da ita ta ambaci mutum biyu. Ban ce a daina horo ba. Bulus da kansa ya umarci Korantiyawa su hori mutumin da ya yi abin kunya. Amma a wasiƙarsa ta biyu, sura 2, ya ce game da wanda aka hora, hukuncin ya isa haka, ku yafe masa, ku ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Horo magani ne, magani kuwa yana da ranar gamawa. Kuma ina so in ga ranar da ɗan kasuwan da ke ɓoye hatsi sai ya yi tsada, ko ma'aikacin da kowa ya san da kuɗin wa ya gina bene, zai ɗanɗana bencin nan. Shi kujerar gaba ake share masa ranar baikon godiya, har a ba shi makirufo.

Maganar wando da ɗankwali ba zan ɓata muku lokaci a kai ba. Ayar da ake jawowa, Maimaitawar Shari'a 22:5, tana sura ɗaya da wadda ta hana sa tufar da aka saƙa da ulu haɗe da lilin, da wadda ta ce a yi wa rufin soro katanga. Ban ga mai tsaron ƙofa yana duba yadin rigar kowa ba. Matan Kirista a Pakistan da wando suke zuwa sujada, dattawan Neja Delta zane suke ɗaurawa, 'ya'yanmu mata masu bautar ƙasa kakin gwamnati suke sawa. Kamun kai wajibi ne, ina koya wa jikokina. Amma na ga an mayar da wata ma'aikaciyar jinya daga bakin ƙofa, ta fito aikin dare ke nan ba ta koma gida ta canza kaya ba. Ba ta sāke zuwa ba.

Ku tuna fa, iyayena, yawancin dokokin nan suna da ranar haihuwa. Mutanen da suka kawo mana bishara sun sha wuya ƙwarai. Daga cikin samari uku da suka sauka a Legas a 1893 da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato sunan da ake kiran yankin da ya haɗa da arewacinmu a lokacin, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun mutu cikin shekara guda, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Ba na raina jininsu. Amma sun zo da bishara a nannaɗe cikin al'adar garinsu, kuma ba koyaushe suka iya raba hatsi da buhun da aka zubo shi ba. A wurare da yawa an hana kakanninmu kiɗa da rawa a sujada, an ce na arna ne. Yau wace majami'a ce ba a buga ganga? Wace zumuntar mata ce za ta fito ba tulu da caki? Dokar ta mutu, ba wanda ya rasa cetonsa.

Wata dokar kuwa ta ci mutane kafin ta sassauta. Kakana yana da mata biyu lokacin da ya ji bishara ya gaskata. Aka ce ba baftisma sai ya sallami ɗaya. Ya duba ta biyun, da 'ya'yanta huɗu, da gidan ubanta da ba kowa, ya ce ba zai iya ba. Ya yi sauran rayuwarsa yana zuwa sujada kowace Lahadi, yana tashi ya fita waje duk ranar da za a ci jibi, ya zauna a gindin darbejiya har a gama. Ba a ƙasarmu kaɗai aka yi wannan fama ba. Taron bishop-bishop na Angilika a Lambeth ya yanke a 1888 cewa kada a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. A 1988 taron ya sāke duba maganar, ya yarda a yi masa tare da matansa da 'ya'yansa masu bi, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba, kuma ba za a tilasta masa korar kowa ba. Shekara ɗari cif. Mutum nawa suka mutu a gindin bishiya kafin nan?

Na san abin da za ku ce, domin an faɗa mini a fuska: in ka cire shinge, awaki za su shiga gona. Ba ku ne farkon masu wannan tsoro ba, an jefa wa Bulus shi, shi ya sa ya tambaya a Romawa sura 6 ko za mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya amsa da a'a mai ƙarfi. Sai dai maganinsa ba ƙarin shinge ba ne. Ya gaya wa Kolosiyawa cewa dokokin kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana, kada ka kama, suna da kamannin hikima amma ba su da ƙarfin kashe sha'awar jiki. Ya gaya wa Titus cewa alherin ne da kansa yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah. Mu ma shaidu ne. Shekara nawa muna hana burukutu da doka, an daina sha ne, ko an koma sha a bayan gari inda dattijo ba ya bi? Doka tana iya koya wa mutum ɓuya. Wanda na ga ya bar giya da gaske, ya bar ta ne bayan ya gane an ƙaunace shi tun yana cikin maye.

Akwai kuma hujjar da na fi girmamawa, wato cewa muna zaune a tsakiyar mutanen da ke kallonmu, kuma shigarmu da cinmu da shanmu shaida ne. Gaskiya ne. Bulus da ya ƙi a yi wa Titus kaciya a Urushalima, shi ne ya yi wa Timoti kaciya da zai tafi da shi cikin Yahudawa. Aiki iri ɗaya, wuƙa iri ɗaya. Na Timoti don kada a toshe ƙofar bishara ne, na Titus kuwa da an yi, da ya zama farashin ceto. Saboda haka ku gaya wa 'yata ta rufe kanta don ƙaunar maƙwabta da girmama iyayen da ke zaune kusa da ita, za ta ji, ni ma zan taya ku faɗa. Amma kada ku bar ta ta ɗauka cewa addu'arta tana makalewa a silin in ba ɗankwali. Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, ya taƙaita abin a 1520, ya ce Kirista 'yantacce ne ba ya ƙarƙashin kowa, kuma bawan kowa ne saboda ƙauna. Mun riƙe bautar, mun jefar da 'yancin da ke sa ta yi daɗi.

Kuna kukan cewa matasa suna gudu zuwa sababbin majami'u masu manyan lasifika. Suna gudu, amma ku bi su ku ga inda suke faɗawa. Can ma ciniki ne: shuka iri kaza ka sami biza, yi azumi kwana 21 ka sami miji, sayi man shafewa a kwalba. Kasuwar da Luther ya yi wa bore a 1517 ke nan, lokacin da wani mai wa'azi mai suna Tetzel ke yawo a Jamus yana sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi. Yaranmu ba sa gane cewa zamba ce, domin tun suna ajin baftisma muka saba musu da cewa Allah mai karɓa ne kafin ya bayar. Sun canza kanti ne kawai.

Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Kalmar da aka zaɓa mana a ciki ita ce alheri, kuma ko yaron goye a ƙasar nan ya san alheri ba a biyansa. In ka yi wa mutum alheri ya ciro kuɗi ya miƙo maka, ya zage ka ne.

Ga roƙona, da gwiwa biyu a ƙasa. Ku raba littafin ma'aji da littafin jana'iza, kada wanda ke riƙe da ɗaya ya leƙa ɗayan. In mai bi ya yi wata uku ba a ga baikonsa ba, a aika dattijo da kwanon hatsi ya je ya ga ko lafiya, kafin a aika da takardar tuni. Duk wanda aka sa a horo, a faɗi ranar da za a dawo da shi, a ba shi wanda zai riƙa ziyartarsa, in laifin na mutum biyu ne kuma a nemo na biyun ko yana ina. Dokokin da muka gāda, ku zauna a majalisa ku bi su ɗaya ɗaya, ku faɗa wa jama'a a sarari wanne ne umarnin Ubangiji, wanne ne tsarin gida da muka ga ya dace da zamaninmu. Ba abin kunya ba ne a ce wannan namu ne. Abin tsoro shi ne a sa wa Allah a baki maganar da bai faɗa ba.

Gwauruwar nan tana nan tana zuwa. Na amsa mata a bakin zaure iyakar iyawata, na ce mijinta an biya masa tun a kan gicciye, kuɗin da matasa suka tara bai ƙara masa komai ba. Ta yi shiru, ta ce ta gode, amma na ga a idonta cewa maganar malamin yara ba ta kai nauyin hukuncin dattawa ba. Daga bakin da aka tambayi kati, daga nan take jiran amsa. Lahadin farko na wata mai zuwa akwai jibin Ubangiji, za ta zauna a layi na uku ta ɓangaren mata, da baƙin ɗankwali.

Ɗanku cikin Ubangiji,
Wani tsohon malamin makarantar Lahadi